Hular Rubutu ta Kawu Mainasara

Babu abin da Mainasara bai taɓa gyarawa ba a unguwarsu da ke bayan tasha a Daura, kuma babu abin da ya gyara ya sake moruwa. Rediyon liman ya shiga hannunsa yana shaƙewa, ya fito ya yi shiru har abada. Fankar maƙwabta da ya taɓa tana nan tana juyawa, sai dai baya take hura iska, bango kaɗai ke shan daɗinta. Duk da haka shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Injiniya, saboda ya taɓa zama a rumfar cajin waya a Kongolam da ke bakin iyakar Nijar, kuma a cewarsa har yau daga Damagaram ake aiko masa da gaisuwa.

A gidansa 'ya'yan yayarsa biyu suke zaune, Sada da ƙanwarsa Siddiƙa. Sada saurayi ne mai shiru-shiru. Bara babur ya kayar da shi a hanyar Mashi, ya tashi da ƙafafunsa da bakinsa da hankalinsa, amma hannayensa biyu suka ƙi tashi. Ga wani saurayin, aiki kawai wannan zai hana shi. Shi Sada har zance ya hana shi, domin Rahama, yarinyar da yake so, kurma ce tun tana ƙarama. Saboda ita ya koyi maganar hannu, har ya kai idan suka zauna a soron gidansu sai su yi ta dariya babu wanda ya san dalili. Yanzu bakinsa ba ya isa kunnenta, hannunsa ba ya isa idonta, kunya kuma ta hana shi taka ƙofar gidansu. Abin da ya rage musu shi ne rubutu a waya.

Siddiƙa ce take rubuta masa. Matsalar Siddiƙa ita ce tana da kirki fiye da yadda ake buƙata. Idan ya ce, "Gaishe ta," sai ta rubuta zance mai tsawo wanda akwai farin wata a cikinsa da sanyin asuba.

Ran nan da hantsi saƙo ya shigo daga Rahama, Siddiƙa ta karanta masa a tsakar gida, muryarta tana ƙara yin ƙasa.

"Siddiƙa, na gode da hidima, amma karanta masa wannan. Sada, Baba ya ce in da gaske kake ka turo manya ranar Juma'a. Ni ban sani ba ko kana so har yanzu, don tun da ka yi hatsari ƙanwarka nake karantawa. Kai ba ka taɓa ce mini tauraruwa ba. Ka ba ni amsa da kanka, ko kalma biyu ce. In ka fasa, ka faɗa mini in daina jira."

"Ashe ta gane," in ji Siddiƙa.

"Wa zai kasa ganewa? Ni da ko sunan taurari ban sani ba."

Bai rufe baki ba labulen ɗaki ya ɗaga, Mainasara ya fito da singileti da sukurdireba a bayan kunne.

"Rubutu babu hannu? Wannan ne ya sa kuka yi jugum kamar an yi rasuwa? Ku gode wa Allah da ya ba ku kawu. A Kongolam na taɓa sa wani Buzu ya yi waya da matarsa alhali wayar babu batir."

Matarsa, Inna Talatu, tana tankaɗe a bakin murhu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Matar tana tsaye kusa da shi ne, ko?"

"Ke ki ji da garinki. Wannan harkar ilimi ce."

Ya karɓi wayar ya latsa wani wuri, ya kara ta a bakin Sada. "Yi magana, ita za ta rubuta. Faɗi abin da ke ranka."

Sada ya dubi kawunsa, ya dubi matar kawunsa, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta kuma manta hanyar fita. Ya ce, "Ina kwana."

Wayar ta yi tunani, sannan ta jero wasu kalmomi, kowace da 'yar hula a kanta.

"Kawu, Faransanci ne," in ji Siddiƙa. "Daga tsallaken iyaka aka kawo wayar."

"Na sani. Ai gwada ku nake yi. Sada, ta hanci za ka yi maganar, kamar mutanen Maraɗi in sun je makaranta. Toshe hancinka."

"Da wane hannun, Kawu?"

Mainasara ya toshe masa da kansa. Sada ya sake gaisuwar kamar ɗan akuya mai mura, wayar ta ƙara wa kalmomin huluna. Aka mayar da ita Turanci, ya sake cewa "Ina kwana." Siddiƙa ta leƙa ta ce, "Yanzu kuma ta rubuta 'in a corner', wai yana cikin lungu."

"To ƙarya ta yi?" in ji Inna Talatu. "Tun bara yake lungu."

Mainasara ya yanke hukunci cewa wayar ba ta da tarbiyya, kuma ba za a sake ba ta damar sauraron mutane ba. Ya ce a ba shi zuwa gobe.

Washegari ya fito da karan dawa, ya sa Sada ya cije shi ya dungura gilashin wayar. Wayar ba ta san ana yi ba. Ya kawo tsinken tsintsiya, shiru. Ya saci kibiyar tsifar Siddiƙa, ita ce kaɗai ta bar alama, don ta ja wani dogon zane a gilashin daga sama har ƙasa.

"Ka ga ta fara rubutu," in ji Inna Talatu. "Alif ke nan. Gobe sai ba."

Da yamma ilimin ya sauko masa. Yana cin tsire a teburin Sha'aban mai nama, wayar tana kan cinyarsa, sai wata tsoka ta suɓuce ta faɗa kan gilashin, wayar ta buɗe. Mainasara ya miƙe tsaye da tsinke a hannu.

"Allahu akbar! Nama take so!"

"Wa?" in ji Sha'aban.

"Waya! Yatsa mene ne? Nama ne! Turawa sun ɓoye wannan sirrin shekara da shekaru, yau ga shi ya tonu a Daura, a hannuna."

"A teburina dai," in ji Sha'aban. "Kuma tsokar da ta tona shi tawa ce."

Ranar Laraba gidan bai ci tuwo ba, domin muciyar Inna Talatu ta ɓace. An same ta a zaure, ɗaure da robar taya a goshin wata tsohuwar hular kwano ta 'yan acaɓa, ta miƙe gaba kamar ƙaho. A bakinta an soka ƙusa, a kan ƙusar an tsire tsokar nama.

"Malam, muciyata ce wannan?"

"A da. Yanzu alƙalami ce."

"To sai ka rubuta tuwo ku ci."

Aka kifa wa Sada hular. Nauyin muciyar ya ja kansa gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa, gaban hular ya sauko ya rufe masa ido.

"Kawu, ba na gani."

"Ba a gani ake ƙirƙira ba. Ni ne idonka. Dama! Ƙasa! Dungura!"

Harafi ɗaya ya fito. Mainasara ya yi kabbara. Kafin a nemi na biyu, kyanwar gidan, wadda tun ɗazu take bin aikin da natsuwar da babu wanda ya kai ta, ta yi tsalle ta ɗauke alƙalamin ta haye katanga.

"An yi nasara," in ji Mainasara. "Saura tsaro."

Da suka rage su biyu, Siddiƙa ta ce wa yayanta, "Yaya, bari kawai in rubuta. Ba zan sa wata ba, wallahi ko tauraro ɗaya."

"Ta ce da kaina."

"Ba za ta sani ba."

"Ni zan sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Kalma uku ce kawai, Siddiƙa. In muciya ce za ta kai su, muciyar zan bi."

Shi Sada ya ɗauka a zaure za a ƙarasa, a rufe ƙofa. Bai san kawunsa ya riga ya zaga unguwa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka aro bencin mai shayi. Dattawa suka zauna a gaba, 'yan acaɓa suka jera babura a baya, mata suka cika bakin zaure. Sha'aban ya matso da teburinsa kusa, a matsayinsa na mai sayar da tawada. Mainasara ya fito cikin babbar riga, ya ɗora wayar a kan turmin da aka kifa.

"Kawu, wannan fa maganar sirri ce," in ji Sada a hankali.

"Sirri ne mana. Duk nan 'yan unguwa ne."

Ya juya ga jama'a. Ya ce yau za su ga abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Sandamu. Ya ce sunan na'urar Hular Rubutu, kuma nan gaba kaɗan za a riƙa zuwa daga ƙasashe ana layi a wannan ƙofar, don haka masu babura su fara tunanin inda za su riƙa ajiyewa.

"Injiniya, in mutum yana azumi fa?" wani ɗan acaɓa ya tambaya. "Nama a gaban hancinsa tun safe?"

"Akwai ta azumi. Tana hanya."

"Ta masu hawan jini fa? Likita ya hana ni jan nama," in ji wani dattijo.

"Baba, kai da kake da hannu biyu ma ba ka iya rubutu ba."

Aka kifa hular. Ƙudajen Daura suka amsa gayyata gaba ɗayansu, aka sa Siddiƙa fifita. Mainasara ya durƙusa ya kara kunnensa a bakin Sada don ya ji saƙon a asirce, sannan ya miƙe ya sanar da murya mai ƙarfi:

"Cewa zai yi, 'Ni naki ne'!"

Mata suka yi guɗa. Abin da ake gani na fuskar Sada a ƙarƙashin hula ya nuna da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Aka fara. Hagu, ƙasa, dungura. Sama kaɗan, dungura. Gumi yana bin wuyan Sada, jama'a suna kirga haruffa da baki kamar masu kallon dambe. "Ni" ta fito lafiya. "Na" ta biyo. Da aka zo kan harafin ka, wuyan Sada ya gaji. Muciyar ta sauka a kan harafin ta yi zamanta, ba ta da niyyar tashi. Duk mai rubuta Hausa a waya ya san abin da ke faruwa idan yatsa ya daɗe a kan ka: sai ta fito da lanƙwasa a kanta. Mainasara ya ga lanƙwasar, idonsa ya yi haske.

"Jama'a, kun gani? Har ƙa'idar rubutu ta sani! Da kanta ta sa lanƙwasa! Malaman makaranta ma sai an tuna musu!"

Aka ƙarasa sauran haruffan. Kafin kowa ya duba, Mainasara ya dangwala yatsa ya tura saƙon, ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi. Aka kuwa tafa.

Siddiƙa ce ta sunkuya ta karanta. Maficin ya faɗi daga hannunta.

"Kawu! Me ka tura?"

"Abin da ya ce."

"'Ni naƙi ne'! Ka rubuta mata ya ƙi!"

Tafin ya mutu a hannun mutane. Sada ya girgiza kai da ƙarfi har hular ta karkace, ido ɗaya ya fito. "Siddiƙa, ta buɗe saƙon?"

"Ta buɗe, Yaya."

"Ƙaramin abu ne," in ji Mainasara. "Lanƙwasa ce fa kawai. Ɗan wutsiya. Yarinya mai hankali za ta cire da kanta."

"Kamar yadda liman ya cire shirun rediyonsa," in ji Inna Talatu daga zaure.

"Bari in rubuta mata kuskure ne," in ji Siddiƙa.

"Za ta ce ke ce kike rufa mini asiri," in ji Sada. Muryarsa ta canza, babu wanda ya yi dariya.

Mainasara ya ce matsalar daga wuyan direba take, ba daga mota ba. Ya cire hular daga kan Sada ya kifa a nasa, ya sa aka ɗaure masa ita tamau da robar taya a ƙarƙashin haɓa, ya zaɓi tsoka mafi girma a teburin Sha'aban. Ya ce zai rubuta "Ki yi haƙuri." Ya sunkuya da ƙarfin gwaninta ya danna. Siddiƙa ta karanta wa jama'a abin da ya fito: "Ƙi."

"Wannan hular ba ta son auren nan," in ji ɗan acaɓan.

Mainasara ya ɗago zai ba shi amsa, muciya ta nuna sama da tsokarta. Shirwar da ke shawagi kullum a kan teburin Sha'aban ba ta taɓa samun wanda ya miƙo mata da hannu biyu haka ba. Ta sauko kamar jifa. Ta kama tsokar, tsokar ta riƙe ƙusa, ƙusa ta riƙe muciya, muciya ta riƙe Injiniya. Fukafukai suka rufe masa fuska. Ya kurma ihu yana salati, ya juya dama muciyar ta kwashe hular dattijon nan mai hawan jini, ya juya hagu ta share tiren Sha'aban, tsire da yaji suka watse a kan tabarmi. Babur na farko ya faɗi a kan na biyu, na biyu ya isar da saƙon ga na uku.

"Ku cire! Ku cire mini!"

"Ka rubuta mana, ba ma ji!" 'yan acaɓa suka amsa.

Shirwa ta tafi da rabonta. Mainasara, hula ta rufe masa ido, ya ruga inda yake zaton zaure ne, sai ya ji an cafke ƙahonsa an tsayar da shi cak.

Iya ce, kakar Rahama, tsohuwa 'yar ƙarama wadda unguwa uku suke tsoron bakinta. A bayanta Rahama ce tsaye cikin hijabi, idanunta sun yi ja, wayarta a hannu.

"Wane ne wannan ragon?" in ji Iya.

"Injiniya ne, Iya," jama'a suka amsa baki ɗaya.

"Mainasara? Kai ne har yanzu ba a ɗaure ba?" Ba ta saki muciyar ba, ta ja shi da ita har tsakiyar fili, yana biye da ita a sunkuye. "Ina Sadan? Kai, ɗan nan, in ƙi za ka yi, sai ka tara gari da mai nama? Jikata ta jira ka shekara guda, an zo nema ta ce a'a, an sake zuwa ta ce a'a. Yau tana wanke-wanke ka aiko mata da wannan?"

"Iya, na'ura ce ta yi..." Mainasara ya fara daga cikin hula.

Ta girgiza muciyar, kansa ya girgiza tare da ita. "Da kai nake?"

Rahama ba ta ji ko ɗaya daga cikin wannan ba, ba ta kuma nema ba. Ta wuce kowa ta tsaya a gaban Sada. Rabon da su haɗa ido tun kafin hatsarin. Ta yi masa alama da hannu, alamar da ya sani sarai: gaskiya ne?

Ya girgiza kai. Ya buɗe baki ya faɗa a hankali don ta karanta leɓɓansa: "Naki." Ta ƙura wa bakinsa ido, sai hawayen da take riƙewa suka zubo. A leɓe, naki da na ƙi kamarsu ɗaya. Kansa ya ce a'a, bakinsa ya maimaita abin da ta karanta. Ya dubi hannayensa da ke kwance a cinyarsa, waɗanda a da cikin ƙiftawar ido za su warware wannan.

Ta ɗauki wayarsa daga kan turmi ta tura masa ita gaban fuska, tana nuna masa saƙon: to wannan fa? Ta matso da ita sosai har gilashin ya taɓa kan hancinsa. Harafi ya fito.

Sada ya dubi harafin. Ya dubi Rahama. Ya ɗan matsa da kansa ya sake dangwala hancinsa, wani harafin ya fito. Rahama ta gane. Ta goge shirmen da yatsanta, ta goge maiƙon tsiren da gefen hijabinta, ta riƙe wayar da hannu biyu daidai fuskarsa.

Sada ya fara rubutu. Ya yi kuskure ta goge, ya sake. Da ya zo kan ka, ya ja numfashi, ya dangwale ta ya janye da sauri kamar wanda ya taɓa garwashi. Ta fito a miƙe, babu lanƙwasa.

Rahama ta juyo da wayar ta karanta. Ta daɗe tana karantawa, fiye da yadda kalma uku suke buƙata. Sannan ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, amma idanun sun riga sun tona ta. Inna Talatu ta rangaɗa guɗar da ta tayar da sauran ƙudajen.

"Me ake yi? Me ya faru?" in ji Mainasara. Sha'aban ya sa wuƙar nama ya yanke robar, hular ta fita. Da aka gaya masa, ya gyara babbar rigarsa da ta sha yaji ya fuskanci jama'a.

"To ai nan nake nufin a zo. Mataki-mataki ake bi. Tun ranar farko wa ya fara kama hancin yaron nan? Kuma ku duba shi da kyau, dogo, mai tsini. Hancin gidanmu ne, ta wajen uwa ya gado shi."

Rahama tana rubutu a wayar Sada. Kafin ta juya masa ita, Mainasara ya miƙa hannu ya karɓe.

"Kawo nan, 'yata. Ni na fara aikin nan, ni zan sanar da sakamako." Ya yi gyaran murya, ya ɗaga wayar sama yadda na baya za su shaida, ya karanta da muryar mai shela: "'Na karanta, kuma na gane rubutunka. Gobe ka turo manya bayan Juma'a.'"

Aka yi kabbara. Ya ɗaga hannu a yi shiru, akwai saura. Ya ci gaba da ƙarfinsa, bakinsa ya riga idonsa:

"'Ban da Kawu.'"